Amshin Baba

Makon jiya an kai ruwa rana a zauren nan kan wa ya fi iya waƙa, Shata ko Ɗanƙwairo, har wani ya yi fushi ya fita. Ban sa baki ba, domin da na sa, da na yi son kai. Yau nake so in faɗi inda son kan ya samo asali.

Mahaifina manomin rani ne a Watari, ƙaramar hukumar Bagwai. Tumatir da albasa yake yi, damina kuma shinkafa. Idan layin ruwa ya faɗo mana da dare, ni ne ɗan rakiya: shi da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, ni da tocila. Na ukunmu wata tsohuwar rediyo mai kaset da ake ɗaure murfin batirinta da roba. Kaset ɗin Shata uku gare shi, kuma guda ɗaya ya fi sakawa, mai Bakandamiya.

Duk wanda ya saurari Shata ya san tsarinsa. Shi ne ke yawo da baitoci, ya shiga nan ya fita can, makaɗan kalangu kuwa suna riƙe da amshi guda, su maimaita shi daga farko har ƙarshe. Wajen Ɗanƙwairo abin ya sha bamban, yaransa karɓar baitin suke daga bakinsa su ƙarasa, ga kotso, sai wanda ya ƙware zai iya binsu. Amshin Shata kuwa kowa na iya shiga. To Baba nan yake shiga. Ban taɓa jin ya rera baitin Shata ko ɗaya ba. Zai yi shiru yana aikinsa, ƙafa cikin taɓo, sanyin hunturu na kaɗawa, da an zo amshi sai ya karɓa tare da makaɗa, ƙasa-ƙasa, kamar shi ma biyansa ake.

A lokacin kunya abin yake ba ni. Shata ya rasu a 1999, ni ko haihuwata ba a yi ba. Da na tafi kwalejin kimiyya da fasaha a Kano, sai na koma wa su Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa. A 2020, lokacin kullen korona, Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gari, ni ma tana wayata, kuma har yau ban ga laifinta ba. Na taɓa ce wa Baba waƙoƙin Shata duk kiɗa ɗaya ne. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Tuwon Innarka ma kullum ɗaya ne, ka daina ci?"

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Bayan sadakar bakwai ana haɗa kayan ɗakinsa, Baffa ya ɗauko kaset ɗin ya ce a ƙona, mamaci addu'a yake buƙata, kada a bar masa kayan kiɗa a baya. Ban yi masa musu kan addu'a ba, gaskiya ya faɗa, kuma don son ɗan uwansa ya faɗa. Na dai durƙusa na ce, "Baffa, a bar mini su, ba a gidan nan zan saka ba." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye su kan tabarma ya fita. Mun yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Rediyon ta riga ta mutu, don haka na nemi waƙar a intanet na sauke a waya. Na samu, tas da ita, ko ƙara babu. Na saka, sai na ji kamar an kawo mini baƙo. A kaset ɗinmu akwai wurin da rediyo ta taɓa tauna zaren. Baba ya zaro shi a hankali, ya miƙe shi da yatsa, ya naɗe da biro. Tun daga ranar, idan an zo wurin, muryar Shata sai ta yi nauyi ta ja, kalangu ya yi kamar zai nutse, kusan daƙiƙa biyar, sannan ta dawo daidai. A daidai nan Baba yake miƙewa ya dafa ƙugu ya huta. Ta waya ta wuce wurin sumul, ni kuwa har na riƙe numfashi ina jiran ta ja. Ashe waƙar da na haddace ba ita ce wadda sauran mutane suka sani ba.

Shi ya sa gardamar makon jiya ba ta kama ni ba. Masu nazari suna da ma'auninsu na azanci da salo da sarrafa harshe, mu ma a ƙungiyar marubuta da shi muke auna rubutun juna. A wannan ma'auni, in an matsa mini, zan iya cewa Ɗanƙwairo ya fi tsara waƙa. Amma wanda ya yi fushi ya fita, ina zargin akwai wata mota, ko wani zaure, ko wata kaka da yake karewa, mu kuma muna ta kawo masa hujjar baitoci. Wadda ta yi amarci a shekarar Jaruma, nan da shekara talatin haka za ta tsaya wa waƙar a gaban 'ya'yanta, suna yi mata dariya.

Bara na sami wani mai gyaran rediyo a Bichi da ke da na'urar kaset mai aiki. Ya juye mini kaset ɗin zuwa memori, da taunar da komai. Ya ce zai iya yanke wurin da ya lalace, na ce kada ya taɓa.

Da Inna ta gama takaba da 'yan watanni, wani dare ta ji sautin daga ɗakina. Na yi sauri zan kashe, tunda na yi wa Baffa alkawari. Ta ce, "Bar shi." Ta tsaya bakin ƙofa har aka zo wurin da muryar ke ja, sai ta ce, "Wannan tasa ce." Da amshi ya zo, ni da ita duk muka yi shiru, makaɗa suka yi su kaɗai.

Gonar tana hannuna yanzu. Jibi layin ruwanmu ne, da dare, kuma ƙanena ne zai riƙe tocila.