Ranar Da Na Daina Yi Wa Ƙanwata Dariya

Duk wanda ya tashi a Rijiyar Lemo, titin Katsina ne malaminsa na farko. Tun muna yara muka iya tsallaka shi: ka dubi idon direba, ka ɗaga hannu, ka kutsa. Tireloli na wucewa Dawanau da buhunan hatsi, 'yan A Daidaita Sahu na tsayawa duk inda aka ɗaga musu yatsa, hon kuwa shi ne gaisuwa, shi ne zagi, shi ne ban haƙuri.

Bara ƙanwata ta zo hutu daga Ingila bayan shekara tara da aure a can. Washegari da za mu tsallaka titi, sai ta dubi dama maimakon hagu, domin a can ta hagu ake tuƙi. Da ƙyar na fizgo mayafinta. Baba da ya ji labari ya yi dariya, ya ce su ma haka suka yi ta ruɗewa a 1972, lokacin da Najeriya ta canza hannu ta koma dama.

Abin da ya haɗa mu rigima shi ne bel. Zan kai ta Kantin Kwari sayen atamfa, ɗana mai shekara huɗu ya haye gaba, ya tsaya yana riƙe da dashbod kamar kullum.

"Yaya, ba zan shiga ba sai yaron nan ya koma baya."

"Wato ba ki yarda da tuƙina ba? Shekara goma sha biyar ina jan mota, ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Na yarda da naka, Yaya. Na sauran fa?"

Na ce ta zama Baturiya, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ta ce ai malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Don a zauna lafiya na mayar da shi baya, ta ɗaura masa bel yana kuka.

Ba mu wuce Kurna ba wani mai A Daidaita Sahu ya yanko gabana don ɗaukar fasinja. Na taka birki da iya ƙarfina. Wayata da ke kan dashbod ta daki gilashi, ta faɗo a fashe. A daidai wurin nan kan ɗana yake zama.

Ba ta ce uffan ba, kuma shirun ya fi mini zafi.

Daga baya na lura ita ma akwai haɗarin da ba ta gani. Ta so mu kama hanyar Katsina da daddare, ta rasa dalilin da ya sa duk gidan muka ce a'a. Mu mun san tsoron dare da ramuka da motar da ba fitila. Ita ta san tsoron gudu da birkin ba-zata. Kowa abin da garinsu ya koya masa yake tsoro, sauran ya bar wa ƙaddara.

Har yau idan na ɗaura bel abokaina na tambaya ko 'yan KAROTA na hango. Sai in yi murmushi. Ɗana dai a baya yake zama, kuma yanzu shi ke tuna mini idan na manta.