Kunyar mota

A hutun damina na 2019 na kwanta rigingine ƙarƙashin motata Peugeot 406 mai turbo, a ƙofar gidanmu da ke Damagaram, ƙanena yana miƙo mini sifana. Salansa ta ruɓe, ni kuwa na sayo miƙaƙƙen bututu mai faɗi, marar tukunya. Hujjata irin ta malamin makaranta ce: hayaƙin inji shi ke juya farfelar turbo, in ya sami buɗaɗɗiyar mafita sai ta yi saurin ɗauka.

Muka bar ƙarfe ya huce, muka tokare motar da kututture, domin jak ba abin ba amana ba ne. Notunan da zafi da tsatsa suka cinye sai da suka kai mu la'asar.

Mota ta ƙara kuzari kaɗan. Abin da lissafina bai kawo ba shi ne, tukunyar nan ita ce kunyar mota. In na dawo da dare, jariran maƙwabta su farka. Kwana uku Inna ta ce: "Kai, da sallamarka muke ji, yanzu ƙarfe ke yi maka ita."

Ran Lahadi na sayo tukunya, na koma ƙarƙashin mota.