Izinin Shan Iska

Ranar da muka sa hannu a takardun sayen gidanmu, a wata unguwa da ke gefen birnin Houston a jihar Texas, an miƙo mana wani kundi mai kauri, aka ce dokokin ƙungiyar masu gidajen unguwar ne. Murna ba ta bar mu mun karanta ba. Muka jefa shi durowa tare da rasitan firji da injin wanki.

A watan Yulin 2023 Allah ya ba mu ƙaruwa, Hajiya ta taso daga Kano ta zo taya mu jego. Muka sauke ta a ɗakin sama, wanda ke bisa gareji, tagarsa na kallon titi ta yamma. Gidajen nan na'ura guda ce ke sanyaya su gaba ɗaya, tana tura iska ta bututan da suka bi ta cikin rufi, kuma ɗakin Hajiya ne ƙarshen layi. Daga la'asar rana ta doki bango, zafin gareji ya taso ta ƙasa. A Kano da tabarma za ta shimfiɗa a tsakar gida ta kwana. A nan babu tsakar gida, iskar waje kuma jiƙe take kamar tururin tukunya. Ga ta da hawan jini. Dare uku ba ta runtsa ba.

Muka sayo ƙaramar esi ta taga, muka ɗaura da kanmu. A daren Hajiya ta yi barci har ta kusa makara sallar asuba.

Kwana tara bayan haka wasiƙa ta iso, ɗauke da hoton tagarmu. An hana duk na'urar sanyaya ɗaki da ake hangowa daga titi. Mu cire kafin wa'adi ya cika, ko a fara cin mu tara. Hoton ya fi tarar yi mana ciwo, domin wani ne ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ɗauka, bai ƙwanƙwasa ba. Da muka fassara wa Hajiya, sai ta ce, “Ku yaran nan, shi da ya ga tagar, bai tambayi wa ke kwana a bayanta ba?”

Muka roƙe ta ta sauko falo. Ta ƙi. Ba za ta kwanta a inda surukinta ke wucewa ba, ko da za ta narke. Washegari ta ce a sauya mata tikiti, ba ta zo ta ja mana rigima da hukuma ba. Jaririn bai yi wata guda ba.

Sai a lokacin muka ciro kundin. Gaskiya ɗaya ce: tsaftar titin da kyan gidajen su suka ja mu unguwar, kuma waɗannan dokoki ne suka tsare su. Mun ci daɗin dokar tun kafin ta cije mu. Kundin bai ma hana ƙarin sanyi ba. Ya yarda da esi mai kashi biyu, rabi a bangon ɗaki, rabi a waje, da sharaɗin a cike fom, a haɗa da zanen inda za a kafa ta, mai lasisi ya yi aikin, a ɓoye ta waje a bayan shinge, a shafa wa murfin bututun fenti kalar bango. Kwamiti kuma yana da kwana 30 kafin ya amsa. Kwana 30 a watan Agusta ba ƙaramin lokaci ba ne ga dattijuwa.

Cikin bincike muka gano ba mu kaɗai ba ne. A Yunin 2021 zafi ya haura digiri 46 a birnin Portland, mutane da dama suka mutu a gidajensu. A 2022 jihar Oregon ta yi dokar da ta taƙaita ikon masu gidajen haya da irin waɗannan ƙungiyoyi na hana mutane ƙananan na'urorin sanyi. Sai da aka yi jana'iza kafin aka yarda cewa esi ba ado ba ce.

Muka karɓo takardar likita, muka goya jariri, muka je zaman kwamiti. Mun yi zaton za mu tarar da hukuma. Mutum uku muka tarar a kan kujerun roba, maƙwabta ne masu aikin sa-kai, ɗaya ma tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ta duba takardar, ta tambayi magungunan Hajiya. Suka ce a bar ta tagar har a kafa sabuwa, suka sa hannu cikin kwana huɗu. Sabuwar ta ci kuɗin ta taga sau da yawa, muka biya muna ƙunƙuni. Hajiya ta yi arba'in, ta ƙara wata biyu.

Abin da ya tsaya mana shi ne, da ba mu iya Turanci ba, ko ba mu da kuɗin, da Hajiya ta koma. Don haka muka rubuta shawarar a gyara dokar: a bar esi ta taga daga Yuni zuwa Satumba, kuma a ƙwanƙwasa ƙofa kafin a aika wasiƙa. A Texas gyara irin wannan kundi yakan buƙaci kashi 67 cikin 100 na ƙuri'un masu gidaje, mu kuwa ko rabi ba mu haɗa ba tukuna.

Duk Asabar da yamma muna tura yaron a kekensa, muna bi gida-gida da takarda. Wasu su sa hannu, wasu su ce darajar gidansu za ta faɗi. A shekara huɗun farko sunan mutum biyu kawai muka sani a layinmu. Yanzu mun san gidan da tsoho ke zaune shi kaɗai, da gidan da ake jego. Idan Hajiya ta kira, bayan ta gaisa da jikanta, sai ta tambaya, “Yaya mutanen naku? Saura gida nawa?”