Ranar Da Ruwan Zogale Ya Yi Ja



Mu uku ne 'yan aji biyu da aka yi kwana biyu ana kiranmu maƙaryata. Laifinmu kawai mun ce mun ga ruwan ganyen zogale ya yi ja wur.

Abin ya faro ne daga darasin kimiyya. Malam ya ce sinadarin da ke sa ganye ya yi kore sunansa kulorofil, kuma shi ke kama hasken rana don tsiro ya haɗa abincinsa. Ya ce in aka raba shi da ganye, aka haska shi a duhu, za a sha mamaki. Bai faɗa mana abin da za a gani ba.

Ranar Asabar muka tsinko zogale, muka ari turmin mahaifiyar ɗayanmu. Da farko da ruwa muka dama dakakken ganyen. Muka haska, ba mu ga komai ba. Ashe kulorofil ba ya narkewa a ruwa. Sai muka haɗa kuɗin tara muka sayo sifirit a kemis, muka jiƙa ganyen a kwalba, muka tace da farin ƙyalle. Ruwan ya fito kore shar. Muka shiga ɗaki muka rufe taga, muka haska shi da 'yar fitilar da ake duba jabun kuɗi. Nan take ya koma ja kamar garwashi!

Ranar Litinin muka ba da labari, aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Zoɓo kuka zuba!" Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Ranar Laraba muka zo da kwalbar, gabanmu na faɗuwa kada ta ƙi yi. Malam ya ɗaga ta, kowa ya shaida kore ce. Aka rufe tagogi, aka haska. Ajin ya yi tsit.

Malam ya bayyana cewa a cikin ɗanyen ganye, kulorofil na miƙa yawancin ƙarfin hasken da ya kama zuwa aikin haɗa abinci. A kwalba kuwa babu wanda zai miƙa wa, sai ya maido da wani kaso a matsayin jan haske. Ya ce David Brewster, masani ɗan ƙasar Sikotlan, ya ba da labarin wannan jan haske tun 1834, kuma da hasken rana ya gan shi.

Wanda ya ce zoɓo ne, shi ya fara roƙon mu koya masa. Duk mai son gwadawa ya nemi babba ya tsaya masa, domin sifirit na kama wuta kuma guba ne. Idan kun gwada da alayyahu ko dogon yaro, ku rubuto wa wannan allo abin da kuka gani.