Masallacin Sheikh Zayed: Inda Fitila Ke Bin Wata

Da rana, Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi, babban birnin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, fari ne fat, har ido ba ya iya daɗewa a kansa. An soma gininsa a 1996, aka buɗe shi a 2007. Yana da ƙubba 82 da hasumiya 4, yana kuma ɗaukar masallata fiye da 40,000. Amma sai bayan magariba muka ga abin da ya kai mu.

Masu tsara hasken, kamfanin Speirs and Major na Birtaniya, ba su watsa wutar lantarki ko'ina ba. Daga wasu dogayen turaku da ke kewaye da ginin ake harba haske kan farin marmara, tare da inuwa mai kama da gajimare da ke tafiya sannu a hankali. Launin yana bin kwanan wata. Daren sha huɗu masallacin yakan yi fari tas. Idan wata ya fara raguwa sai ya riƙa komawa shuɗi, har ya yi shuɗi mai duhu a ƙarshen wata. Mai lura zai iya kintatar kwanan watan Hijira daga jikin bango.

A ciki ma haka abin yake. Manyan fitilu bakwai na ƙarau suna rataye daga sama, amma wanda ya fi tsayar da mu shi ne bangon alƙibla, inda aka rubuta sunayen Allah 99 da rubutun Kufi. An ɓoye zaren haske a bayan zanen furannin da ke bangon, ta yadda ba a ganin fitila, sai abin da ta haska. Ido yakan nufi alƙibla da kansa, ba sai an nuna masa ba.

A nan muka fahimci cewa inuwa ma tana da aiki. Da an haska kowane lungu daidai wa daida, da komai ya baje, babu abin da zai fito.

Muna ganin akwai abin koyi ga masallatan unguwanninmu da gidajenmu, inda wuta ke da tsada kuma ba kullum take samuwa ba. Ƙwan fitila ɗaya da aka saita kan mihirabi, ko kan allon da yaro ke karatu, ya fi goma masu kashe ido. Kuma idan muka rage na tsakar gida, yaranmu za su sake ɗaga kai su san yau nawa ga wata.