Jar Shinkafar Fadamar Augie

A ƙasar Faransa, wajen birnin Bodo, akwai gonakin inabi waɗanda tun 1855 aka jera su daraja-daraja, domin an ce amfanin kowace gona da irin ɗanɗanonsa. Jar giya suke yi da inabin, abin da Musulunci ya haramta. Amma zancen cewa ƙasa ita ke ba amfaninta hali, wannan manoman Kabi sun daɗe da saninsa.

A Augie, cikin ƙasar Argungu, akwai wani tsoho mai gona a fadamar Gulbin Rima. Jar shinkafa yake shukawa, irin da ya gada wurin ubansa. Ita wannan shinkafa 'yar Afirka ce, ba daga Asiya aka kawo ta ba. In gulbi ya kawo, sai ta riƙa miƙa kara tana bin ruwa sama, ba ta nutsewa. Amma tana da aibi biyu: in ta nuna ba a yanke ta da wuri ba, sai ta zube, in an zo casa kuwa, sai ta kakkarye. Duk da haka tuwonta yana da ƙamshi da garɗi, wanda ya ci da safe kuma ba ya neman wani abu sai la'asar. Tsohon yakan ce, in ya ɗanɗana, ya san ta laka mai zurfi, ya san ta gefen tudu.

To, zamani ya juya. Tun da aka gina madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo, ambaliya ta daina zuwa yadda aka saba. A 2015 aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casa a Argungu. Farar shinkafa suke nema, mai yawan buhuna. 'Ya'yan tsohon suka koma gare ta, ba kuwa laifinsu, gama da ita suke biyan bukatun gida.

Shi dai tsohon ya roƙe su abu guda: kowace damina su bar masa kunya goma a gindin fadama. Ya san iri ba ya daɗewa a rumbu. In an yi shekaru ba a shuka shi ba, ya tafi ke nan, ko da kuɗi ba a samo shi. Bana jikansa ne ya riƙe masa ƙwaryar iri.