Ƙunshin Hajiya da faɗin Nijeriya

Ranar da Maigida ya aike ni Kano da takardar ta'aziyya, wata dattijuwa a nan Ayigya Zango ta miƙo mini ƙunshin goro. Ta ce, "Malam, tunda gida za ka, ka biya Sakkwato ka ba ƙanena." Na karɓa hannu biyu, domin ni ma a lokacin ina ɗaukan Arewa tamkar unguwa guda.

Gani ya kori ji. Faɗin Gana bai kai murabba'in kilomita 240,000 ba, na Nijeriya kuwa ya haura 920,000, kusan ninki huɗu ke nan. Daga Legas zuwa Ibadan ban ga baƙon abu ba, kurmi ne da koko da kwakwar manja irin na ƙasar Asante. Bayan Ilori sai itatuwa suka fara ba juna wuri. A Jaba muka haye Kwara, kogin da ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya je Lakwaja ya haɗu da Binuwai. Daga Zariya sai sarari ya buɗe, ga gero da dawa, ga kuka da ɗorawa tsaye ɗai-ɗai. Mu a Kumasi damina biyu muka sani, su kuwa guda ce, daga ita sai dogon rani.

Da na tambayi hanyar Sakkwato a Kano, aka ce tafiyar wuni ce, kusan ninki biyu na Kumasi zuwa Akra. Kuɗin guzurina sun ja baya, amma amana ba ta da rangwame. Na je, na damƙa goron a hannun mai shi, ya riƙe yana hawaye.

A hanyar komowa na yi ta tuna kakanninmu fatake. Wannan sararin suka keta da ƙafa da jakuna, ta Yawuri da Borgu har Salga, watanni suna tafe, kanwa a zuwa, goro a komowa. Bayan yaƙin Salga na 1892 da yawa suka watsu zuwa wasu kasuwanni, har da Kumasi.

Yau 'ya'yanmu suna cewa "can Hausa" ba su san ko Katsina ko Haɗeja ba. 'Yan'uwa, ku tambayi tsofaffinku sunan garin da aka fito da hanyar da aka biyo, ku rubuta tun suna da rai. Allah Ya jiƙan magabata, Ya albarkaci na baya.